Laima mai inji a gefen gari: ina doka ta yarda a tashi, ina ta yarda a sauka?

Ranar 15 ga Yunin 2021, ana dab da take wasan ƙwallon ƙafa na gasar cin kofin Turai tsakanin Faransa da Jamus a filin Allianz Arena na birnin Munik, sai ga wani mutum ya ɓullo ta saman filin, rataye da laima ruwan ɗorawa, inji goye a bayansa. Ɗan ƙungiyar kare muhalli ta Greenpeace ne, ya zo nuna adawa da kamfanin motoci na Volkswagen, ɗaya daga cikin masu ɗaukar nauyin gasar. Ƙungiyar ta ce nufinsa ya gitta ta sama, ya saki wata ƙwallo mai ɗauke da saƙo, ya yi gaba. Ba haka ta kasance ba. Ya sarƙe da wayoyin kyamarar da ke shawagi a saman fili, laimar ta karkace ta yi kan 'yan kallo, da ƙyar ya dira a kan ciyawa. Mutum biyu suka ji rauni har aka kai su asibiti, ƙungiyar kuma ta fito ta ba da haƙuri. Daga baya ministan cikin gida na jihar Babariya, Joachim Herrmann, ya ce maharban 'yan sanda sun riga sun saita shi, rubutun da ke jikin laimar ne ya sa ba su ɗana ba.

Abin da mutumin ya hau shi ake kira faramoto. Wanda bai taɓa gani ba ya ƙaddara laimar saukar sojoji, amma doguwa mai siffar fiffike, faɗinta murabba'in mita 20 zuwa 30, igiyoyi sirara sun haɗa ta da kujerar da mutum ke ɗaurewa a ciki. A bayansa akwai ƙaramin inji, yawanci irin wanda ake gauraya wa fetur da baƙin mai, yana juya farfela a cikin wani keji. Nauyin injin da kejin duka bai cika wuce kilo 20 zuwa 30 ba. Ana naɗe laimar a jaka, a kwance kejin, a zuba komai a bayan mota. Saboda wannan sauƙin ne Ba'amurke mai ɗaukar hoto George Steinmetz ya koyi tuƙa shi a ƙarshen shekarun 1990, ya riƙa shawagi da shi a arewacin Nijar yana ɗaukar hotunan Sahara daga sama, a wuraren da babu filin jirgi ko na magani.

To a nan gizo ke saƙa. Dokokin sufurin sama an gina su ne a kan jirgin da ke tashi daga filin da hukuma ta sani, ya sauka a wani filin da ta sani. Shi kuwa wannan, kowace gona da aka girbe, kowane filin ƙwallo na bayan makaranta, filin jirgi ne a wurinsa.

Yadda ake tashin kansa abin kallo ne. Da sassafe, kafin rana ta gasa ƙasa iska ta fara tumbatsa, matuƙi zai kafa sanda da ƙyalle ya ga inda iska ke fitowa. Ya shimfiɗa laimar a bayansa, ya bi igiyoyin ɗaya bayan ɗaya da yatsa kada wata ta harɗe. Ya tayar da inji, ya yi wa na kusa ihu su matsa daga farfela. Sannan ya fuskanci iska ya fizgi laimar ta miƙe a kansa, ya ɗaga kai ya tabbatar ta cika, ya matse totur, ya sheƙa a guje da kaya a baya kamar ɗan dako da aka biyo. Taku goma, taku ashirin, sai ƙafa ta daina taɓa ƙasa. Abin lura a nan shi ne ba shi ke zaɓar alƙiblar tashi ba, iska ke zaɓa masa. In ta fito daga wajen gidaje, wajen gidajen zai dosa, ko kuwa ya naɗe kayansa ya koma gida.

Kafin a shiga dokokin, akwai lissafi guda da ya kamata mai karatu ya riƙe, domin kusan duk ƙa'idojin daga gare shi suka fito. Injin faramoto ba shi da tabbacin injin jirgin haya, kuma masu koyarwa na horar da ɗalibi ya ɗauka cewa zai iya mutuwa a kowane lokaci. In ya mutu laimar ba ta faɗowa, zamewa take yi a hankali. A ƙiyasi, kowace mita ɗaya da ta sauka tana cin kamar mita shida a gaba. Wanda ke mita 300 a sama yana da tafiyar kusan mita 1,800 kafin ya taɓa ƙasa, in iska na kwance. In kuwa yana fuskantar iskar da ta kai rabin gudunsa, tafiyar ta koma mita 900. Yanzu ka ɗauki wanda ya tashi yanzun nan, yana mita 30 kacal: abin da ya rage masa mita 180 ne, da lokacin da bai kai daƙiƙa ashirin ba. In rufin gidaje da wayoyin wuta ne a gabansa, cikinsu zai faɗa, ko da ya fi kowa ƙwarewa.

Ƙa'idar da yawancin ƙasashe suka ɗora a kai ta fito ne daga hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, wadda yarjejeniyar Chicago ta 1944 ta haifar. Ta ce jirgin da ke tafiya da ganin ido kada ya ratsa wuri mai cunkoso na birni ko gari ko ƙauye, ko taron jama'a a fili, sai yana aƙalla mita 300 sama da abu mafi tsayi da ke cikin tazarar mita 600 daga gare shi. A wajen gari kuwa kada ya yi ƙasa da mita 150. Amma a farkon jimlar akwai togaciya: sai dai in tashi ko sauka ne suka wajabta. Dole a sa wannan togaciya, tun da ba jirgin da ke fara tafiya daga mita 300. Sai dai ita ce ƙofar da masu faramoto suka fi son kutsawa ta cikinta. Mutum zai yi ta kewaya unguwa a ƙasa-ƙasa yana ɗaga wa abokai hannu, in an tambaye shi ya ce ai sauka yake shirin yi. Kalmar da yake tsallakewa ita ce wajabta. Wanda ke da sarari a hagu ya zaɓi bi ta kan gidaje a dama, babu abin da ya wajabta masa.

Amurka ce ta fi ba da mamaki. Tun 1982 hukumar jiragen sama ta ƙasar, FAA, ta ware wa irin waɗannan ƙananan abubuwan hawa wani sashe na dokokinta, Sashe na 103, wanda za ka karance shi kafin shayinka ya huce. In abin na mutum ɗaya ne, don nishaɗi ko wasa, nauyinsa ba mai bai kai fam 254 ba, wato kilo 115, tankinsa bai wuce galan 5 ba, kusan lita 19, gudunsa bai wuce kusan kilomita 102 a awa ba, to babu lasisi, babu rajista, babu gwajin likita, babu ma tilascin zuwa makaranta. Mutum na iya saye yau ya tashi gobe, doka ba ta hana shi ba, ko da yake ƙungiyoyin masu harkar ba su gajiya da gargaɗin cewa wannan neman ajali ne.

Abin da aka ba shi da hannun dama, an karɓe wani da na hagu. Sakin layi na 103.15 jimla ɗaya ne: ba a yarda a bi da irin wannan abin hawa ta kan wuri mai cunkoso na birni, gari ko ƙauye ba, ko ta kan taron jama'a a fili. Ba a ambaci tsayi ba, ke nan ko yana mita dubu a sama haramun ne. Ba a kuma sa togaciyar tashi da sauka ba. Ƙaramin jirgi mai rajista zai iya saukowa ta kan unguwa in filin jirginsa na bayanta, mai faramoto ba shi da wannan damar. Hikimar a fili take: hukuma ta ce ba za ta binciki injinka ba, ba za ta jarraba ka ba, ranka naka ne, amma ba za ka ɗora wannan kasadar a kan wanda ke zaune a tsakar gidansa bai san hawa ba bai san sauka ba. A wajen gari kuwa sashen bai yanke mafi ƙarancin tsayi ba. Yana iya bin gona ƙafarsa na shafar kan alkama, muddin bai jefa wani ko dukiyar wani cikin haɗari ba, wanda shi ma wani sakin layi ya haramta.

Matsalar ita ce dokar ba ta faɗi abin da take nufi da cunkoso ba. Gida nawa ne cunkoso? Goma? Hamsin? Babbar hanya da motoci suka cika fa, ko bakin teku ranar hutu? FAA ta ce kowace magana da yanayinta za a duba. Masu tashi na ƙorafi a kan haka, kuma ina ganin suna da hujja, domin mutum na son ya san iyakar gonarsa kafin a kama shi da shiga ta wani. Amma na fahimci dalilin hukumar. Ranar da aka ce gida ashirin, ranar za a samu mai tashi ta kan gida goma sha tara yana murmushi. Sauran sharuɗɗan ba su da wuyar fahimta: da rana kawai ake tashi, in ban da minti 30 kafin fitowar rana da minti 30 bayan faɗuwarta ga mai fitilar da ake hangowa daga mil uku, ba a shiga sararin manyan filayen jirgi sai da izinin masu kula da zirga-zirga, kuma kowane jirgi aka haɗu da shi, mai laima ne zai kauce.

Amurkawa sun ga nasu Munik ɗin tun tuni. Ranar 6 ga Nuwamban 1993, ana zagaye na bakwai na damben Riddick Bowe da Evander Holyfield a filin Caesars Palace da ke Las Begas, wani mai suna James Miller ya faɗo da faramoto a gefen dandalin, igiyoyinsa suka maƙale a fitilu. Jama'a suka rufe shi da duka har ya suma, aka tsayar da dambe na minti 21.

Birtaniya ta bi wata hanyar. Ita ma ba ta neman lasisi ga wanda ke tashi da ƙafa in kayansa da mai ba su wuce kilo 70 ba, amma ta ɗauke shi matuƙin jirgi cikakke, duk ƙa'idojin sama sun hau kansa. Ratsa gari ya halatta in ya cika sharaɗin ƙafa 1,000, wato mita 300 ɗin nan, kuma in yana da tsayin da zai iya zamewa ya sauka ba tare da jefa kowa cikin haɗari ba idan inji ya mutu. Sharaɗi na biyun ya fi na farko tsauri. Koma kan lissafinmu: a mita 300 tafiyar da ke hannunsa ba ta kai kilomita biyu ba, don haka tsakiyar babban gari ta fi ƙarfinsa ko da ya cika ƙafa dubun. A wajen gari kuma ƙa'idar da aka fi sani ita ce kada ya kusanci mutum, mota, jirgin ruwa ko gini da ƙasa da ƙafa 500.

Inda Birtaniya ta yi wa Amurka fintinkau shi ne ta fassara kalmar. A dokarta ta zirga-zirgar sama ta 2016, wuri mai cunkoso shi ne duk wani yanki na birni, gari ko ƙauye da akasari ake amfani da shi don zama, masana'antu, kasuwanci ko shaƙatawa. Kalmar ƙarshen nan ce ke kama mutane. Filin wasa ko wurin shan iska da ke cikin gari, ko da ba kowa a cikinsa da asuba, yana cikin wuri mai cunkoso, alhali shi ne ainihin filin da ke jan ran mai faramoto: shimfiɗaɗɗe, ciyawa a aske, ga wurin ajiye mota. Ƙa'idojin sama na 2015 kuma suka toshe ƙofar togaciyar da kansu. Ba a tashi ko sauka a cikin wuri mai cunkoso sai a filin jirgi, ko kuwa in an samu izinin hukumar jiragen sama ta ƙasar, CAA. Haka nan ba a tashi ko sauka a tazarar mita 1,000 daga taron da ya haura mutum 1,000, sai a filin jirgi ko in mai shirya taron ya ba da izini a rubuce. Wanda ya yi ganganci ko sakaci har ya jefa mutum ko dukiya cikin haɗari, laifi ne da ake gurfanarwa a kotu. In kuma ya faɗo wa wani a kan rufi ko mota, dokar sufurin sama ta 1982 ta ɗora masa biyan ɓarnar ba tare da sai an tabbatar ya yi sakaci ba. Ita wannan dokar ce dai ta kare shi daga ƙarar mai gida in ya wuce ta sama a tsayin da ya dace.

Faransa, inda wasan ya yi ƙarfi tun shekarun 1980, ba ta yarda da zancen saye yau a tashi gobe ba. Faramoto shi ne aji na ɗaya a cikin ƙananan jiragen da suke kira ULM, sai da takardar shaidar tuƙi, sai da lambar shaida daga hukumar jiragen sama ta ƙasar, DGAC. Wata doka ta 13 ga Maris 1986 ta yarda a tashi a sauka a wajen filin jirgi, amma ba a cikin gari ba sai da izini na musamman. Filin da za a yi amfani da shi jefi-jefi, a nemi yardar mai shi a kuma sanar da magajin gari. Wanda za a mayar wurin tashi na dindindin, sai firefe, wakilin gwamnati a yankin, ya sa hannu. Abin da ya fi burge ni a tsarinsu tsohuwar doka ce ta 10 ga Oktoban 1957, wadda ta ɗaure tsayi da faɗin gari. Ga jirgi mai inji ɗaya, garin da faɗinsa bai wuce mita 1,200 ba a ratsa shi a mita 500; daga nan zuwa mita 3,600 a hau mita 1,000; wanda ya fi haka sai mita 1,500. Lissafin zamewar nan ne aka mayar doka, tun ba a ƙirƙiro faramoto ba. Jamus kuwa ta taƙaita zance: lasisi dole, tashi da sauka kuma sai a filin da hukuma ta amince da shi.

Duk wannan dokar sama ce. Akwai ta ƙasa, kuma ita ta fi yawan korar masu faramoto daga filayensu. Hukumar jiragen sama na iya cewa ba ruwanta da inda ka tashi, amma filin yana da mai shi. A Amurka sarari na gwamnatin tarayya ne, ƙaramar hukuma ba ta da ikon hana ka wucewa ta sama, amma tana da cikakken iko ta hana ka shimfiɗa laima a wurin shaƙatawarta, kuma gandun dajin ƙasa an hana tashi da sauka a cikinsu in ba a wurin da aka keɓe ba. A Ingila manomi na iya ba ka gonarsa, amma dokar tsara gari ta ba shi kwana 28 ne kawai a shekara ya yi wani amfani da ita na wucin gadi ba tare da neman izini ba. Saukar gaggawa daban take, ba mai zargin wanda inji ya mutu masa don ya dira a gonar da ba tasa ba, sai dai ya nemi mai gonar ya ba da haƙuri, ya biya abin da ya tattake.

Akwai kuma abubuwan da doka ba ta rubuta ba amma gefen gari ya tara su. Wayar wuta ba ta ganuwa daga sama, sai dai mutum ya nemi falwayoyi ya zana layin a ransa. Iskar da ta bugi dogon gini ko jerin bishiyoyi tana birkicewa a bayansu kamar ruwa a bayan dutse, kuma laima tsumma ce, in ta shiga wannan hargitsin gefe ɗaya na iya naɗewa a tsayin da ba a da lokacin gyarawa. Ga yara. Duk inda aka shimfiɗa laima kusa da unguwa, kafin a tayar da inji sun kewaye wurin, kuma farfelar da ke juyawa ba ta ganuwa.

Sai ƙara, wadda a ganina ita ce ainihin abin da ke haɗa su faɗa da jama'a, ba tsoron a faɗo musu ba. Jirgin sama na wucewa ne cikin daƙiƙoƙi, shi kuwa wannan tafiyar kilomita 40 a awa yake yi, ƙararsa kamar ta injin niƙa da aka rataye a sama, kuma lokutan da iska ta fi dacewa da shi su ne sassafe da dab da magariba, daidai lokacin da mutane ke gida. Dawaki na firgita, karnuka na haushi, mai shan iska a bayan gidansa yana ganin wani na leƙo shi daga sama. Mutum na iya cika kowace ƙafa da doka ta yanka, amma in ya maimaita hanya ɗaya kowace Lahadi da ƙarfe shida, maƙwabta za su kai kuka ƙaramar hukuma, ita kuma ta aiko wa manomin takarda tana tambayar kwana nawa aka tashi daga gonarsa a bana. Manomin da ba ya samun komai sai ɗan abin da ake ba shi na godiya ba zai tsaya jayayya da maƙwabtansa a kan baƙi ba, kwaɗo zai sa wa ƙofar gonar. Shi ya sa tsofaffin hannu a harkar ke hana sababbi kewaya filin tashi. In ƙafarka ta bar ƙasa, ka juya wa gari baya, ka yi nisa, kuma gobe ka canza hanya.